Me ake aunawa kafin Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa?

Duk bayan wata biyu, wasu mutum 12 kan zauna a Babban Bankin Najeriya, su yi kwana biyu suna tafka muhawara, sannan gwamnan bankin ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi matsayarsu: an ƙara kuɗin ruwa, an rage, ko an bar shi yadda yake. Yawancinmu a labaran rediyo muke jin abin, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Wani ma cewa zai yi, "Ni da ba na cin bashin banki, ina ruwana da kuɗin ruwa?" Da ruwansa kuwa, domin kamfanin da ya yi fulawar burodin da ya karya da shi da bashin banki yake juya jarinsa.

Dokar Babban Banki ta 2007 ce ta ɗora wa bankin nauyin daidaita farashi da kare darajar naira, kuma sashe na 12 nata ne ya kafa wannan kwamiti na tsara manufofin kuɗi. A cikinsa akwai gwamna a matsayin shugaba, da mataimakansa 4, da daraktocin bankin 2, da mutum 3 da shugaban ƙasa ke naɗawa, sai 2 da gwamna ke zaɓowa. Kowa na da ƙuri'a, rinjaye ake bi, daga baya kuma a wallafa hujjar kowane mamba.

Abin da suke yankewa, wanda ake kira MPR, kamar farashin sari ne na kuɗi. Bankuna ma kan ranci kuɗi a wurin Babban Banki, to idan dila ya ƙara, mai sayar da ɗai-ɗai ba zai tsaya ba. Bashi sai ya yi tsada, masu ci su ja baya, masu rarar kuɗi su gwammace su sayi takardun lamunin gwamnati maimakon su ruga wurin 'yan canji neman dala. Akwai kuma wani linzamin na biyu, wato kason ajiyar jama'a da ake tilasta wa bankuna su jibge a Babban Banki. A Satumban 2024 ya kai kashi 50 cikin ɗari: a duk naira 100 da ka ajiye, 50 ba ta bayuwa rance.

Tambayar farko da kwamitin ke yi ita ce, daga ina tsadar ta taso? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluma kowane wata, kuma ba guda ɗaya ake dubawa ba. Akwai na hauhawar farashi gaba ɗaya, akwai na abinci, akwai kuma wanda aka cire kayan gona da makamashi daga lissafinsa. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane haushi. Magidancin da cefane da kuɗin mota ke cinye albashinsa zai ce, to me ya rage in an cire su? Hujjar ita ce tumatir kan yi tashin gwauron zabi da damina ya faɗi da rani, masara ta sauka da kaka ta hau da bazara, ba tare da kowa ya taɓa kuɗin ruwa ba. Idan 'yan bindiga sun hana noma a Zamfara, ko ambaliya ta cinye shinkafa a Jigawa, ko sau goma aka ƙara MPR ba zai tsirar da zangarniya ɗaya ba. Abin da kwamitin ke fako shi ne lokacin da tsadar ta tsallake daga Dawanau ta shiga kuɗin haya, kuɗin makaranta, ɗinki da aski. A nan ne ake gane ta yi saiwa.

Sai dala. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kimanin naira 460 ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Je ka Kantin Kwari ka ga yadda abin ke aiki. Ɗan kasuwa na zaune kan dilar shadda da ya sara wata uku da suka wuce, amma kafin ya faɗa maka farashi sai ya leƙa waya ya ga nawa dala ta tashi a kasuwar 'yan canji ta Wapa. Ba abin da ya biya yake lissafawa ba, abin da zai biya ya mayar da kayan yake hange. Idan kowa ya sa a ransa gobe sai ta fi yau tsada, kowa zai ƙara tun yau, tsoron ya haifi abin da ake tsoro. Rabin aikin kwamitin, a ganina, karya wannan zato ne.

Suna kuma duba yawan kuɗin da ke yawo. Dokar ta 2007 ta ce rancen gaggawa da Babban Banki zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na bara. An yi wa wannan iyaka hawan ƙawara shekara da shekaru, har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta amince a mayar da shi na dogon zango a 2023. Kana zuba ruwa a tulu da hannun dama kana kwarfewa da hagu, yaushe zai ragu?

A ɗaya kwanon ma'aunin akwai aikin yi. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da bankinsa ke neman kuɗin ruwa sama da kashi 30 ba zai sayi sabon inji ba, wataƙila ma ya sallami leburori. Ƙungiyar masu masana'antu ta sha kokawa kan haka. Ita ma gwamnati bashinta na ƙara nauyi. Ga shi maganin ba ya ci nan take, sai bayan watanni, don haka ana iya zarce gona da iri ba a sani ba.

Lokacin da kwamitin ya yi zamansa na farko ƙarƙashin gwamnan bankin Olayemi Cardoso a Fabrairun 2024, MPR na kan kashi 18.75, hauhawar farashi kuwa ta kai 29.9. Ma'ana, mai ajiyar naira asara yake tafkawa ko da an ba shi ruwa. A zama ɗaya suka ɗaga shi zuwa 22.75, suka ci gaba har 27.5 a Nuwamba. A Disamba hauhawar ta tsaya a 34.8. Wata ɗaya bayan nan sai aka ji 24.48, amma ba kaya ne suka sauko ba, hukumar ƙididdiga ce ta sabunta ma'auninta, ta bar shekarar 2009 ta koma auna farashi daga 2024. Kwamitin bai yi gaggawa ba. Sai da ya ga alƙaluman na sauka wata bayan wata, naira ta ɗan nutsu, sannan a Satumban 2025 ya rage zuwa 27, ragi na farko tun 2020.

A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai karanta labarai da mai zuwa cefane. In aka ce hauhawar farashi ta ragu, gudun tashin ne ya ragu. A ce mudun wake ya tashi daga 1,000 zuwa 1,350 bara, bana kuma ya koma 1,550. A takardar kwamiti an sauko daga kashi 35 zuwa ƙasa da 15. Uwargida kuwa da ta aiki yaro da 1,350 sai ya dawo karɓar ciko.