Kalmar "take" ta Turanci: ai ba ɗauka kaɗai take nufi ba

Yaran da nake wa lesin da yamma, masu shirin WAEC da NECO, kusan duk shekara tambayoyinsu akan "take" iri ɗaya ne, shine nace bari in tattara su wuri guda ko wani zai amfana.

Malam, ba fassarar "take" itace ɗauka ba?

Eh haka aka koya mana tun firamare, kuma ba ƙarya bane, in kace "take this pen" ai ɗauki biron nan kake nufi. Matsalar itace daga nan sai yaro ya kulle kansa, duk inda yaga kalmar sai ya sa mata ɗauka. Alhali ita wannan kalma abokin tafiyarta ne ke faɗa maka ma'anarta. Kamar dai "ci" a Hausa, ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci amana, ka ci kasuwa, wanne ne a ciki aka tauna banda tuwon? Toh haka take. "Take a bus" hawa mota ne, "take a bath" wanka ne, "take a seat" zama ne, "take a photo" ɗaukar hoto, nan ne muka yi dace da su. Dan haka ni bana bari ɗalibi ya haddace ta ita kaɗai, sai dai ita da abokin nata tare.

Yaushe zan ce "took", yaushe "taken"?

"Took" na abinda ya wuce ne kuma ita kaɗai take tsayawa, "I took it yesterday". "Taken" kuwa sai an jingina ta da have, has, had ko irin su is, are, was da were, "she has taken it". "I have took" kuskure ne. Sannan in did ya shigo jimla ya riga ya ɗauke nauyin lokaci, sai ka koma asalin kalmar, "did you take it?" ba "did you took" ba.

Meye bambancin "take" da "bring"? Kullum suna rikita ni.

Wallahi wannan bai kamata ya rikita Bahaushe ba, domin mu muna da abin a bakinmu tun muna yara, kai da kawo. In abu zai bar inda kake ya nufi can, kai ne, wato "take". In zai nufo inda mai magana yake, kawo ne, "bring". Mama tace kai wa Baba abinci shago, "take the food to Baba". Baba ya aiko yace kawo min abincina, "bring me my food". Kafin ka buɗe baki tambayi kanka da Hausa, kai zance ko kawo, amsar tana nan. Ka lura kuma da "to" ɗin nan, tsarin shine take, sai abin ko mutumin, sai to, sai wurin, "I took my sister to the hospital", na kai ƙanwata asibiti.

To in nace wa mai adaidaita "carry me to Sabon Gari" fa?

Zai gane ka sarai, a titi haka kowa ke faɗa kuma ba abin kunya bane. Amma a takardar jarrabawa ko gaban wanda ba ɗan ƙasar nan ba, "carry" ɗauka ce ta zahiri, a hannu ko a ka ko a goye, kamar yadda ake ɗaukar jariri ko buhun masara. Abinda kake so shine "take me to Sabon Gari". Haka ma in an ɗauke wuta, "they have taken light" Hausa ce aka sa mata rigar Turanci, abinda za ka rubuta shine "the power has gone off".

Shan magani fa, ba "drink" bane?

A'a, su Turawa a wurinsu magani "take" ake yi, ƙwaya ce ko na ruwa, "take two tablets after meals", za ka ga haka a jikin kwali. Jarrabawa kuma a kula sosai, "take an exam" zama jarrabawar ne kawai, ba cin ta ba. Ci shine "pass". Mutum zai iya cewa "I took the exam but I didn't pass".

Ya zan ce tafiya tana cin awa kaza?

Da "it" ake farawa, "it takes two hours to get there". In kana so ka sa mutum a ciki sai ya shiga tsakiya, "it took me three days to finish". Kar ka yar da "it" ɗin, kar kuma ka manta "to" kafin aikin.

Su "take off" da "take after" kuma fa, haddace su zan yi?

Gaskiya sai hadda, amma a cikin jimla. "Take off" cire kaya ne daga jiki, kuma tashin jirgi ne, "the plane took off". "Take after" gado ne na kama ko hali, "she takes after her mother", uwarta ta biyo. "Take care of" kula da, "take part in" shiga a dama da kai, "take place" faruwa, kuma ita ba a cewa "was taken place", sai dai "the wedding took place on Friday". Wani wurin da yara ke yawan zubar da maki shine in an zo da it ko them a irin "take off" na cire kaya, dole su shiga tsakiya. Za ka iya cewa "take off your shoes" ko "take your shoes off", duk daidai ne, amma in takalman sun koma them sai dai "take them off", ba a cewa "take off them".