Na rage ƙiba, to a kilo nawa zan tsaya?

Makon jiya wata baiwar Allah ta shigo ɗakin awonmu, tun kafin mu gama gaisawa ta cire takalmi ta hau sikeli. Allura ta tsaya a kan kilo 80. Na buɗe katinta na duba, watanni takwas da suka wuce kilo 92 ne. Hawan jininta da ya daɗe yana ba mu wahala ya sauko, gwiwar da take hana ta yin sallah a tsaye ta lafa. Ina shirin yi mata barka, sai na ga fuskarta ba walwala.

"Malama, saura 25," in ji ta.

Na ce, "Saura 25 na me, Hajiya?"

Ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji kilo 55 take, can take so ta koma. Matar da ta haura shekara arba'in, ta yi haihuwa shida. Da hira ta yi nisa kuma sai ta faɗa min ɗaya damuwar: a gida uwar mijinta ta sa ta a gaba, kullum sai ta ce, "'Yar nan, ko dai wani ciwo kike ɓoye mana?" A gidan biki ma 'yan uwa sun ja ta gefe suna tambayar ko maigida ne ya daina fita haƙƙinta. Ga sikeli na cewa ba ta kai ba, ga dangi na cewa ta lalace.

Na daɗe ina ganin irin wannan a aikina. Mutum ya yi ƙoƙari ya rage ƙiba, amma babu wanda ya zauna da shi ya nuna masa inda ya kamata ya tsaya. A Kano kuwa abin ya fi wuya, domin tun muna yara muke jin ana yaba ƙiba. Mace ta yi jiki, a ce hutu ya karɓe ta. Namiji ya ajiye tumbi, a ce Alhaji ya samu. Wanda ya faɗa kuwa, tambayar farko ita ce "lafiya?" Saboda haka bakin mutane ba zai zama ma'auni ba. Hoton aure ma haka, jikin 'yar shekara goma sha takwas daban, jikin uwar 'ya'ya shida daban.

Ma'aunin da muke fara amfani da shi a asibiti shi ne wanda ake kira BMI, wato a gwada nauyi da tsayi. Lissafin ba shi da wuya, wayar hannu ma ta isa. Ka auna tsayinka da mita, ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Hajiya tsayinta mita 1.60 ne. In ka ninka ya ba ka 2.56. Da kilo 92 lambarta ta kusa 36, yanzu da kilo 80 ta dawo 31 da ɗan ɗoriya.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan lissafin ba ya ba da lamba ɗaya tilo. Fili ne yake bayarwa mai faɗi. Mai tsayin mita 1.60, daga kilo 47 da ɗan ɗoriya zuwa kusan 64 duk cikin daidai yake. Mai mita 1.70, daga kusan 54 zuwa 72. Mai mita 1.75, daga 57 zuwa 76. Tsakanin ƙasa da sama akwai ratar kilo goma sha shida zuwa goma sha tara. Duk wanda ya ce maka ga kilo kaza cif da dole sai ka kai, ko dai bai fahimci lissafin ba, ko kuma akwai abin da yake son sayar maka.

Shi kansa BMI ɗin yana da makanta. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya fito da shi a shekarun 1830, don nazarin jama'a a dunƙule, ba don duba majiyyaci ɗaya ba. Bai san bambancin tsoka da kitse ba. Je ka Dawanau ko kasuwar Singa ka ga masu dakon buhuna: wani in ka auna shi lambarsa za ta kai 27, alhali ko damƙin kitse ba za ka samu a cikinsa ba. Sannan ka shiga Kantin Kwari ka ga wanda yake zaune a shago tun safe har magariba, ƙafafu sirara, hannaye sirara, amma ciki ya yi gaba. Lambarsa tana iya zama 24, takarda ta ce lafiya lau, alhali shi ne ya fi kusa da ciwon suga. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne mugun. Na cinya da ɗuwawu bai kai shi illa ba.

Shi ya sa ni na fi yarda da tef ɗin tela. Akwai shi kusan a kowane gida, in babu maƙociya mai keke tana da shi. Ka tsaya a miƙe, ka laluba ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa da saman ƙashin ƙugunka, ka zagaya tef a tsakiyarsu, wajen saitin cibiya ko sama da ita kaɗan. Ka saki numfashi, kada ka tsuke ciki. Maza su kula, ba inda mazagin wando yake zama ake aunawa ba, don da yawa sukan ɗaure shi a ƙarƙashin tumbi. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: kewayen cikinka kada ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin santimita 160, cikinsa ya tsaya ƙasa da 80. Mai 170, ƙasa da 85. Wanda ba ya son lissafi ya sami igiya ya yanke ta daidai tsayinsa daga ƙafa zuwa kai, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa. In bakunan sun haɗu, alhamdulillahi. In ba su haɗu ba, ratar da ta rage ita ce aikin da ke gabansa. Na koya wa tsofaffi da dama wannan a unguwa, kuma sun fi riƙe shi da duk wata lamba da zan rubuta musu a kati.

To mu dawo kan Hajiya. Lambarta 31, har yanzu tana cikin sahun masu ƙiba a takarda. Shin ƙoƙarinta ya tashi a banza? Ko kusa. Binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana saukar da hawan jini, yana gyara suga da kitsen jini, ko da mutum bai kai sahun da ake kira daidai ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2002, ya ɗauki mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga, aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Hajiya ta rage kilo 12 daga 92, wato kashi 13. Ta riga ta ci riba mai yawa, ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Akwai kuma abin da jiki yake yi wanda mutane ba su san da shi ba, sai su riƙa zargin kansu. Idan nauyi ya sauka, jiki yana rage yawan abincin da yake ƙonawa, yunwa kuma tana ƙaruwa, kamar magidancin da ya ga rumbu yana raguwa ya fara tsimi. Shi ya sa bayan wata shida ko makamancin haka sikeli yakan tsaya cak, ko da mutum bai canza komai ba. A nan ne da yawa suke karaya su koma gidan jiya, wasu kuma su shiga horon yunwa. Duka biyun asara ne. A ganina nauyin da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya riƙewa shekara da shekaru kana cin abincin gidanku, tuwo da miyar kuka, ɗan wake, kwaɗon zogale, wake da shinkafa, malmala ɗaya a maimakon biyu. Kilo 76 da mutum zai zauna a kai ya fi masa kilo 60 da zai taɓa na wata biyu, sannan ya koma 95.

Saurin da muke so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Fiye da haka, ruwa da tsoka ma sukan tafi, ba kitse kaɗai ba. Saurin ramewa yana jawo tsakuwa a matsarmama, gashi ya riƙa zuba, jiri da kasala su addabi mutum, mace kuma al'adarta ta rikice ko ta ɗauke. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ya wuce gona da iri, ko me sikeli yake cewa.

Nan dole in yi magana kan shayin rage teɓa da ake tallarsa a Facebook da TikTok da gidajen biki. Da yawansu maganin sa gudawa ne da na sa fitsari. Za ki sha, ki kwana kina zarya banɗaki, da safe sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi. Ruwan jikinki ne ya tafi, kitse yana nan inda yake, ƙoda kuma ita ke shan wahala. Ɗaya ɓangaren ya fi ba ni tsoro, wato matan da suka rage nauyi, surutun dangi ya dame su, suka koma shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe. Wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da ba a sha sai da umarnin likita. Suna kumbura fuska da ciki, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Na ga yarinyar da ba ta kai talatin ba ta zo mana da fuska kamar faifai, fatar cikinta ta tsattsage, sugarta ya hau, duk don kada a ce mijinta ba ya ciyar da ita. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma yana da haɗari, ya je asibiti a janye masa a hankali.

Wajen hawa sikeli, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, gishiri, ko kusantowar al'ada. Na masu yawo da sikeli a bakin kasuwa kowanne da nasa karatun, kada a gwada na yau da na jiya. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuma, idan nauyinsa ya sauka ya koma wurin likitansa, don wataƙila maganin ya yi masa yawa yanzu. Kada ya daina da kansa.

Wannan lissafin duka na baligai ne. Yara suna da nasu katin awon. Mai juna biyu ba ta rage nauyi, mai jego ta bi a sannu don nono. Dattijon da ya haura sittin da biyar ba ma matsa masa ya rame, domin a wannan shekarun zubewar tsoka ta fi 'yar ƙiba haɗari. Ƙarfin tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba ya fi mana lambar sikeli muhimmanci.

Sai maganar da ba na so kowa ya tsallake. Duk abin da na faɗa ya shafi wanda ya rage nauyi da niyya ne. In kuwa kana cin abincinka yadda ka saba, ba ka canza komai ba, sai ka ga wando yana zamewa, zobe yana faɗuwa, wannan ba abin murna ba ne. Rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyi a cikin wata shida zuwa shekara ba tare da dalili ba, kamar kilo 3 da rabi ga mai kilo 70, yana buƙatar bincike. In akwai tari na sama da mako biyu da gumin dare, a yi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In akwai ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada suga. Bugun zuciya da rawar hannu da jin zafi na iya zama ciwon maƙoƙo mai ƙona jiki. Ƙanjamau da ciwon daji ma sukan fara da rama. Asibitin Murtala, Asibitin Nassarawa, Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, duk inda ya fi kusa a fara da shi. A nan tambayar uwar mijin Hajiya tana da muhalli, kuma na faɗa wa Hajiya haka. Mun yi mata gwajin suga a ranar, ya fito daidai, na ce ta kai takardar gida ta nuna wa Inna don hankalinta ya kwanta.

Daga nan muka zauna muka yi shawara. Na ce ta ajiye maganar kilo 55. Mu riƙe 80 ɗin nan na wata biyu tukuna, jiki ya saba, sannan mu nufi 76, in mun kai mu sake auna ciki da jini mu ga ko akwai buƙatar ci gaba. Lemon kwalba da ta daina kada ta koma, babbar roba ɗaya sugar da ke cikinta ya haura cokalin shayi goma. Tafiyar da take yi bayan asuba daga gida zuwa makarantar jikokinta ta ci gaba, minti talatin, kwana biyar a mako. Na auna cikinta, santimita 94, na rubuta a katin kusa da nauyin, na rubuta santimita 80, wato rabin tsayinta, a gefe na ja layi a ƙarƙashi.

Ta karɓi katin ta daɗe tana kallo. Da za ta fita sai ta juyo ta ce, "Malama, igiyar nan da kika ce, maza ma ana yi musu?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to ranar awo mai zuwa tare za su zo da Alhaji, don shi ko an haɗa igiya biyu ba ta jin za ta zagaye shi, kuma kwana biyu yana yawan tashi fitsari da dare. Na ce ta gaya masa kada ya jira ranar awo, ya zo gobe da sassafe, kada ya ci komai kafin ya fito.