Haƙƙin wanda ake tuhuma a dokar laifuka ta Saudiyya

Haƙƙin wanda ake tuhuma shi ne kariyar da doka ta ba mutum tun daga ranar da aka kama shi har hukunci ya tabbata a kansa ko a sallame shi. A Saudiyya tushensa biyu ne: shari'ar Musulunci, wadda alƙalan ƙasar suka fi bi ta mazhabar Hambaliyya, da dokokin da Sarki ke sa wa hannu. Babbarsu a wannan fage ita ce Nizamul Ijra'atil Jaza'iyya, dokar tsarin shari'ar laifuka, wadda ta fito a 2001, aka sabunta ta a 2013. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Bahaushen da aka haifa a Shara Mansur ta Makka, da mai igama (takardar izinin zama) a Jidda, da alhajin da ya sauka jiya, da wanda ba shi da takarda ko ɗaya, duk ta shafe su.

Rabe-raben laifi

Laifi kashi uku ne: haddi, ƙisasi da ta'aziri. Haddi yana da hukunci yankakke a nassi, kamar sata da fashi. Ƙisasi ramuwa ce a kan kisa ko rauni. Sauran duk ta'aziri ne, wanda doka ko alƙali ke ƙayyade gwargwadonsa, kuma a nan yawancin ƙararraki suke. A 2020 Kotun Ƙoli ta daina hukunta ta'aziri da bulala, aka koma ga tara da ɗauri.

Ƙara guda tana iya ɗaukar haƙƙi biyu, na hukuma da na wanda aka cuta. In magadan mamaci sun yafe ko sun karɓi diyya, ƙisasi ya faɗi, amma hukuma tana iya ɗaure mai laifin a kan nata haƙƙin. A 2011 an ƙayyade diyyar kisan kuskure a riyal 300,000, ta kisan ganganci riyal 400,000, ko da yake abin da magada ke nema kafin su yafe ƙisasi yakan zarce haka nesa ba kusa ba.

Kamu da tsarewa

Askarawa, wato jami'an tsaro, ke kamu, amma bincike da gurfanarwa aikin Niyaba ne, ofishin masu gabatar da ƙara, wanda tun 2017 yake ƙarƙashin Sarki kai tsaye. Dole a gaya wa wanda aka kama dalilin kamun, a bar shi ya sanar da wanda yake so. Cikin awa 24 ake miƙa shi ga mai bincike, shi ma yana da awa 24 ya yi masa tambayoyi, sannan ya sake shi ko ya ba da umarnin tsarewa. Tsarewar farko ba ta wuce kwana 5. Ana iya ƙara ta zuwa kwana 40, daga nan zuwa 180 da izinin shugabancin Niyaba, bayan haka sai kotu ko saki, sai fa in kotu ce ta yarda a ƙara. Mai bincike yana iya hana ziyara har kwana 60, amma hanin bai haɗa da lauya ba. Mace ce ke caje mace. Ƙararrakin ta'addanci suna da tasu doka da tasu kotu ta musamman, wadda aka kafa a 2008, kuma wa'adin tsarewa a can ya fi tsawo ƙwarai.

Tambayoyi da dangwale

Nan ne ƙara ke ƙulluwa ko ta warware. Doka ta hana duka, azabtarwa da wulaƙanci, ta hana a rantsar da wanda ake tuhuma ko a tilasta shi, ta kuma ba shi damar ɗaukar lauya tun a matakin bincike. Sai dai duk abin da ya faɗa da Larabci ake rubuta shi, a ƙarshe a ce ya sa hannu ko ya yi basma, wato dangwalen yatsa. Hausawa da yawa suna jin Larabcin kasuwa da na wurin aiki, har su ga kamar neman tafinta abin kunya ne. Larabcin takardar bincike wani abu ne dabam. Kalma guda tana iya mayar da "an ba ni jakar" ta zama "na san abin da ke ciki". A manyan laifuka akan kai mutum gaban alƙali ya gaskata iƙirarinsa, kuma daga nan janyewa tana da wuya. Janye iƙirari yakan kawar da haddi, amma bai hana ta'aziri. Don haka bai kamata mutum ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. In an doke shi ko an tsorata shi, ya faɗa wa alƙali tun zaman farko, ya nemi a rubuta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kokawa cewa baƙi talakawa na fuskantar shari'a ba lauya ba ingantaccen tafinta, kuma ƙorafi ne da ya cancanci a saurara.

Baƙo yana da damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Biyana (Vienna) ta 1963. Najeriya tana da babban ofishi a Riyad da ƙarami a Jidda. Amfanin wannan ya bayyana a kan wata ɗaliba 'yar Najeriya da aka kama a Madina a Disamban 2018 saboda jakar ƙwayar tiramadol mai ɗauke da sunanta. Bincike a gida ya nuna wasu ne suka maƙala sunan tun a filin jirgin Kano, aka sake ta a Afrilun 2019. Safarar ƙwaya tana iya kai mutum ga hukuncin kisa, kuma an koma zartar da shi a kan wannan laifi tun Nuwamban 2022.

Kotu da ɗaukaka ƙara

Kotu takan karanta wa mutum tuhumar, ta ba shi kwafi, ta kawo tafinta in bai jin Larabci. A manyan laifuka, wanda ba shi da halin biyan lauya yana iya neman kotu ta naɗa masa a aljihun hukuma. Yana da damar kawo shaidu da yi wa na abokin hamayya tambaya. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne. Hukuncin kisa ko yanke gaɓa kuwa alƙalai 3 ke yanke shi, ya wuce gaban alƙalai 5 a kotun ɗaukaka ƙara ko ba a nema ba, sannan Kotun Ƙoli, kuma ba a zartarwa sai da umarnin Sarki. Kwanakin da aka yi a tsare ana cire su daga ɗaurin, wanda aka ƙulla wa sharri ko aka tsare fiye da ƙima kuma yana iya neman diyya.

Zaman da ya saɓa wa dokar igama yawanci ba ya bin wannan hanya. Jawazat, hukumar shige da fice, ke hukunta shi da tara, tsarewa da tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsa, galibi ta cibiyar Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda ga mazauna wannan yanki. Wanda ke da ƙarar laifi ko haƙƙin wani a kansa, sai an gama da wannan kafin a maido shi gida.