Sistar da ta ce a kwance marin

Wata safiya cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum jin tsoron ruwan alwala, aka kawo wani matashi asibiti a Keke Napep, ƙafafunsa cikin mari, 'yan uwansa huɗu sun danne shi yana ta ihu. Ni na rako wata mai jego ne daga unguwarmu, sai na tsaya kallo. Ƙananan nas biyu suka ja da baya. Sai wata dattijuwar sista ta fito, ta ce kowa ya matsa. Ta jawo benci ta zauna kusa da shi maimakon ta tsaya masa a ka, ta tambayi sunansa, ta ce, "Ɗana, ka karya kuwa?" Ta daɗe tana masa magana ƙasa-ƙasa kafin ta waiwayi mahaifin: "Baba, ina makullin?" Tsohon ya ce, "Sista, zai yi ɓarna." Ta ce, "Ba ni. Ina nan."

Mutane suka ce baiwa ce Allah ya yi mata. Akwai baiwar, amma koya ta yi. Inda za ta zauna, yadda za ta bar hanyar ƙofa a buɗe, lokacin da ya kamata ta yi shiru, duk a kwas ɗin jinyar masu taɓin hankali ake koyar da su, irin wanda ake yi a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa ta Kaduna da Aro ta Abeokuta. A Aro ɗin ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu a 1954, maimakon kulle su.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, mu kuwa mun haura miliyan 200. Likita zai zo ya duba ya rubuta magani ya wuce. Nas ce ke kwana da marar lafiya, ita ke ganin ko ya ci abinci, ko ya ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe. Akwai wani abu da na sha gani: a fara ba mutum magani irin haloperidol, kwana biyu sai wuya ya sanƙare, ido ya kafe sama, yawu na dalala. Nan take dangi za su ce iska ce ta tashi, a zubar da magani a koma gida. Nas ɗin da ta samu horo ta san illar maganin ce, akwai kuma wani maganin da ke warware ta. Wadda ba ta samu ba, ita ma sai ta tsorata tare da su.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a mutunta shi. To amma takarda ba ta aikin dare. Idan nas ɗaya aka bar wa ɗaki guda, marar lafiya ya mare ta jiya, yau ta dawo ba wanda ya ce mata sannu, tausayinta zai ƙare kamar yadda ruwan randa ke ƙarewa. Nan ake gane shugabar kirki. Matiron ta gari takan zaunar da ƙananan ma'aikata bayan irin wannan ta ji yadda aka yi, ba don neman mai laifi ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta wajabta ƙaro ilimi kafin sabunta lasisi, don haka shugabanni su daina kallon neman izinin zuwa kwas a matsayin gudun aiki. Wadda ta je ta dawo kuma, a ba ta minti 30 ta koya wa sauran.

Mu ma jama'a da namu. Gari irin Jos da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, ga Tramadol a hannun yara, ba ya rasa masu ɗauke da ciwo a zuci. Duk da haka har yanzu ana kiran waɗannan ma'aikata "nas ɗin mahaukata", har na ji wata uwa ta hana 'yarta wannan fanni wai kada ta rasa miji. Taɓin hankali ba ya yaɗuwa kamar ƙyanda, Hajiya, bar ta ta je.

In kun kawo marar lafiya, ku gaya wa nas gaskiya: yaushe ya daina barci, me yake sha, wane magani aka ba shi a gida, ko ya taɓa maganar kashe kansa. Ku zo da ragowar magungunan a leda. Kuma mutum ɗaya da marar lafiyan ya fi yarda da shi ya tsaya a wurin, sauran su jira a waje.