Waiwaye: Yadda sunan gari ke sauyawa a bakin baƙo

Tun da daɗewa, fatake da mahajjata sukan lanƙwasa sunan gari ya dace da harshensu. Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa ya sa wasali a tsakani ya ce Faransa. Misra ta zama Masar, Bagdad ta zama Bagadaza. Birnin da muke kira Faris kuwa, mazaunansa ba sa furta harafin ƙarshe ko kaɗan.

Wannan duk da sauƙi, domin magana ce ta baki, mai gari kan iya gyara wa baƙo nan take. Matsalar ta yi jijiya ne da aka fara rubutawa. Matafiyi ya ji suna sau ɗaya, galibi daga bakin tafinta wanda shi ma ba ɗan garin ba ne, ya rubuta da ƙa'idar harshensa, masu taswira su yi ta kwafa. Hugh Clapperton, matafiyin Birtaniya da ya isa Sakkwato a 1824, an buga sunan a rahoton tafiyarsa da "Sackatoo", daga baya "Soccatoo", kafin a tsaya kan Sokoto. A dubi abin da ya zube a hanya: "kk" mai nauyi ta koma guda, "kw" ta ɓace. Haka Haɗeja ta rasa lanƙwasarta ta zama Hadejia, Maraɗi ta zama Maradi, domin haruffan Turawa ba su da ɗ. Faransawa na rubuta sautin "u" da "w" da "ou", don haka Tawa ta zama Tahoua, Wagadugu ta zama Ouagadougou. Wanda bai san ƙa'idarsu ba sai ya yi ta kokawa da haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abin da rubutu ba ya ɗauka sam, wato karin sauti da tsawon wasali. Baƙo zai iya faɗin kowane harafi daidai, amma da ya ɗaga murya a gaɓar da ya kamata ya sauke, an gane shi.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashe suka fara neman a dawo musu da furucinsu. A 1967 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na farko kan daidaita sunayen wurare a Geneva. Sin ta amince da pinyin, wato tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko, a 1958, daga 1979 kuma Beijing ta fara ture Peking a jaridun waje. Birnin bai sake suna ba, rubutun ne aka matso da shi kusa da furucin Sinancin Mandarin. Indiya ta mayar da Bombay Mumbai a 1995, Calcutta kuma Kolkata a 2001. A 2022 Turkiyya ta sa aka koma rubuta Türkiye a Majalisar.

Sai dai doka takan gyara allon hanya ne, baki kuwa sai a hankali. Abin da ya fi ban takaici, rubutun baƙo yakan dawo ya rinjayi 'yan gari, har ɗan boko ya riƙa kiran garinsu yadda ya gani a fom. Mai karanta labarai da ke son kauce wa wannan sai ya nemi 'yan asalin wurin biyu ko uku, zai fi kyau dattawa, ya ɗauki muryarsu suna faɗin sunan cikin jimla, sannan ya yi wa kansa alamar inda murya ke hawa da inda baƙi ya ninku a jikin takardarsa.