Waiwaye: taƙaddamar tudu mafi tsawo a Denmark

Denmark shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta da tudun da ya kai mita 200. Amma mutanen tsakiyar yankin Jutland sun shafe sama da shekara 150 suna ja-in-ja kan tudun da ya fi kowanne tsawo.

Da fari Himmelbjerget, kusa da garin Ry, shi ke riƙe da kambun. Mita 147 ne kacal, sai dai ya miƙe ne tsaye daga bakin tafkin Julsø, shi ya sa wanda ya hango shi daga jirgin ruwa zai rantse ba shi da na biyu. A kansa limamin coci Steen Steensen Blicher ya fara tara jama'a a 1839 domin zaburar da kishin ƙasa. A 1875 aka gina masa hasumiyar jan bulo mai mita 25, don tunawa da Sarki Frederik na 7 da kundin tsarin mulkin 1849.

Awon da aka yi a 1847 ne ya ɓata lissafi. Ashe Ejer Bavnehøj, kudu da garin Skanderborg, ya fi shi da sama da mita 20. Ido bai gane ba ne saboda ƙasar wajen tana tashi a hankali cikin gonaki. Shi ma ya samu tasa hasumiyar a 1924, ta murnar dawowar kudancin Jutland daga hannun Jamus a 1920.

Sai a 1941 aka ce ai Yding Skovhøj, na kusa da ƙauyen Yding, ya ɗara shi. Mutanen Ejer suka ce ba su yarda ba, domin abin da ya ɗaga tudun Yding tsibin ƙasa ne na wani kabari tun zamanin tagulla. A 1953 aka yanke cewa abin da hannun mutum ya tara ba ya shiga lissafi, kuma a ganina hukuncin ya yi daidai.

A 2005 aka sake awo, sai Møllehøj, wani tudun bayan gona da ba a ma sa shi a zancen, ya zo na ɗaya da mita 170.86. Babu abin da ke kansa sai dutsen niƙa na injin iskar da ya tsaya a wurin daga 1838 zuwa 1917. Yding, idan an cire kabarin, mita 170.77 ne, Ejer kuma 170.35. Santimita 9 ne ya raba mutanen Yding da kambun, don haka ba na ganin laifinsu idan har yau suna lissafi da kabarin, wanda ke kai tudunsu mita 172.54.