Ramukan Wata: Kallonsu da Ɗaukar Hotonsu da Ƙaramin Madubin Hangen Nesa

Ramukan Wata su ne kwarurrukan nan masu siffar zobe da suka cika fuskar Wata, waɗanda akasarinsu faɗowar duwatsun sararin samaniya ce ta haƙa su. Akwai ƙanana da ba su kai tafin hannu ba, akwai kuma irin su Clavius da faɗinsa ya haura kilomita 220. Ido kaɗai ba ya rarrabe su, domin tsakanin Duniya da Wata akwai kimanin kilomita 384,400. Baƙi-baƙin da ido ke gani shimfiɗu ne na narkakken dutse da ya daskare, waɗanda masanan Turai na da suka sa wa suna tekuna. Amma ƙaramin madubin hangen nesa, irin wanda mutum zai kafa a tsakar gida a Bauchi ko Gombe, yana fito da ɗaruruwan ramuka.

Asalinsu

An shafe ƙarnuka ana saɓani: wasu na cewa aman wuta ne, wasu na cewa faɗowar duwatsu ce. Masanan Amurka Grove Karl Gilbert a 1893 da Ralph Baldwin a 1949 sun goyi bayan ra'ayi na biyu, sannan duwatsun da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso daga Wata tsakanin 1969 da 1972, masu nauyin kilo 382, suka kusan rufe gardamar. Dutsen sararin samaniya kan iso da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa guda, ya tarwatse, ya bar rami da ya ninka girmansa nesa ba kusa ba. Manyan ramuka kan samu tsauni a tsakiya da bango mai hawa-hawa. Da yake babu ruwa ko iska a can da za su zaizaye ƙasa, rami kan yi miliyoyin shekaru bai shafe ba. Duniya ma irin waɗannan duwatsu na faɗo mata, kamar wanda ya faɗi a yankin Gujba ta jihar Yobe a 1984.

Tarihin kallo da sunaye

Ibn al-Haisam, masanin Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya rubuta risala a kan tabon da ake gani a fuskar Wata tun kafin a ƙera madubin hangen nesa. Da madubin ya samu, Thomas Harriot na Ingila ya zana Wata a Yulin 1609. A ƙarshen shekarar Galileo Galilei ya yi nasa kallon a Italiya, ya wallafa a Maris na 1610. Abin da Galileo ya fi Harriot da shi shi ne fahimtar inuwa: ya lura tana sauyawa dare bayan dare, ya gane cewa tsaunuka da kwaruruka ne ke jefa ta, har ya ƙiyasta tsawon wasu tsaunukan.

Sunayen da ake amfani da su yau sun samo tushe ne daga taswirar da Giovanni Riccioli ya wallafa a 1651 tare da abokin aikinsa Francesco Grimaldi. Tsarin Riccioli na sa wa ramuka sunayen masana shi ne ya ɗore. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta daidaita jerin a 1935, kuma ita ke kula da shi har yanzu.

Mai karatun da ya saba da littattafan falaki na Larabci zai tarar da sanannun mutane a taswirar, sai dai an lanƙwasa sunayensu zuwa Latin har da ƙyar ake gane su. Albategnius shi ne Al-Battani, wanda ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929. Raminsa na da faɗin kusan kilomita 130, a tsakiyar fuskar Wata. Arzachel shi ne Az-Zarƙali na Toledo a Andalus, wanda ake saɓani a kan shekarar rasuwarsa, ko 1087 ko 1100. Azophi shi ne Abdurrahman As-Sufi, mai littafin taurari na wajajen 964. Alfraganus shi ne Al-Fargani, Almanon kuma Halifa Al-Ma'amun na daular Abbasiyya da ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Abulfeda sarkin Hama ne kuma masanin tarihi da labarin ƙasa, ya rasu a 1331. Thebit sunan Sabit bin Ƙurra ne, mutumin Harran, wanda ba Musulmi ba ne amma da Larabci ya yi yawancin rubutunsa. Yawancin waɗannan ramuka suna kusa da juna a tsaunukan tsakiya da kudancin Wata, don haka ana iya bin su a dare ɗaya ko biyu. Shi kuwa Ibn al-Haisam, wanda ya fi su duka damuwa da fuskar Wata, an ba shi ƙaramin rami mai suna Alhazen can a gefen gabas, inda ganinsa ke da wuya. Ibn Battuta, matafiyin da ya ziyarci daular Mali a ƙarni na 14, an sa sunansa a wani ɗan rami a 1976. Ramukan Al-Biruni da Al-Khwarizmi suna bayan Wata, wato gefen da ba ya fuskantar Duniya.

Lokacin kallo

Daren sha huɗu, da farin wata ya fi ƙayatar da jama'a, shi ne mafi rashin amfani ga mai neman ramuka. A daren hasken Rana na sauka ne kai tsaye, babu inuwa, fuskar Wata ta zama fara fat. Ramuka na bayyana ne a kan iyakar haske da duhu, inda Rana ke fitowa ko faɗuwa a can, inuwa ta yi tsawo. Wannan iyaka na matsawa kowane dare, saboda haka kwanan watan Musulunci ya isa jagora, da kuskuren kwana ɗaya ko makamancin haka.

Wajajen daren 5 zuwa 6 ake ganin Theophilus da Cyrillus da Catharina a jere, kowanne kusan kilomita 100. Daren 7 zuwa 8 shi ne na Albategnius da jerin Ptolemaeus, Alphonsus da Arzachel. Faɗin Ptolemaeus kilomita 153 ne, kusan tsawon hanyar mota daga Bauchi zuwa Gombe. Bayan kwana ɗaya Plato mai baƙin ƙasa ke fitowa a arewa, Tycho da Clavius a kudu, da wata gangara miƙaƙƙiya mai tsawon kilomita 110 kusa da Thebit. Copernicus, mai faɗin kilomita 93 da zurfin kusan kilomita 4, na daren 9 zuwa 10 ne, kuma da wuya a sami ramin da ya fi shi kyau a ƙaramin madubi. Abin da daren sha huɗu ke nunawa da kyau shi ne fararen zare-zaren Tycho, da suka miƙe har kilomita 1,500. Ana ƙiyasta shekarun Tycho da miliyan 108.

Bauchi da Gombe duk suna kusa da digiri 10 arewa da layin da ya raba Duniya biyu, don haka Wata kan hau sama sosai, wani lokaci ya tsaya tsakar ka. Wannan falala ce, domin haskensa na ratsa iska kaɗan kafin ya iso. A kwana 7 ga wata yana can sama tun da magariba. Cikas ɗin shi ne yanayi: gajimare da damina, ƙura da hazo da hunturu. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo, wato wajajen Oktoba da Nuwamba, sama ta fi wankewa. Hasken lantarkin gari ba ya hana kallon Wata, ba sai an fita daji ba. Abin gudu shi ne leƙe ta saman rufin kwano ko dandamalin siminti da ya sha rana, domin zafin da yake fitarwa na sa hoton rawa.

Kayan aiki

Faɗin gilashin gaba ko madubin ciki shi ne ma'auni, ba lambar ninkawa da ake bugawa a jikin kwali ba. Mai faɗin milimita 70 kan rarrabe abin da ya kai kilomita 3 zuwa 4 idan iska ta natsu, mai milimita 150 kuma kusan kilomita ɗaya da rabi. Ana samun ninkin girma ta raba tsawon tattara hasken madubin da na gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta ciki a jikin madubin: 900 a raba da 10, ninki 90 ke nan. Wuce ninki biyu na faɗin madubin a milimita ba ya ƙara komai sai dishi-dishi. Matokari mai ƙafa uku da ba ya girgiza ya fi ƙarin gilashi amfani. Da hunturu a rufe madubin da zarar an gama, kuma kada a goge ƙura da busasshen tsumma, yana karce gilashi.

Ɗaukar hoto

John William Draper ake dangantawa da hoton Wata na farko da ya yi kyau, a birnin New York a 1840. Yau hanya mafi sauƙi ita ce ɗora kyamarar waya a bakin gilashin ido, da hannu ko da maƙalin da aka yi don haka. Waya kan ruɗu da duhun da ke kewaye ta buɗe haske da yawa, Wata ya fito fari babu komai. Sai a taɓa Watan a fuskar wayar, a rage hasken, a sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200, a yi amfani da agogon jinkiri don kada taɓawa ta girgiza madubin. Juyawar Duniya na sa Wata ya gusa da tsawon faɗinsa cikin kimanin minti 2, don haka sai an riƙa gyara saiti.

Masu neman hoto mai kaifi kan ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko ƙasa da haka, su sa shi a kwamfuta. Manhajoji irin su AutoStakkert da RegiStax na zaɓo hotunan da iska ba ta ɓata ba daga cikin ɗaruruwa, su haɗe su wuri guda.

Walƙiya a Wata

Wasu masu kallo sun ba da rahoton ganin haske ko ja-ja na ɗan lokaci, musamman kusa da Aristarchus, rami mafi haske a cikin manya. Masana ba su daidaita a kan dalilin ba.